Tuƙar Aro daga Guji

Kakan babanmu ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji. Da ya iso bakin kogin Shari sai ya ce bari ya ɗan huta kwana biyu kumburin ƙafarsa ya sauka. To hutun nan ne muke yi har yau a Injamena. Ya yi aure a nan, ya haifi kakanmu, kakanmu ya haifi babanmu, kowannensu kuma ya koma ga Allah yana cewa baɗi za a ƙarasa tafiyar. Dangin mahaifiyarmu ma haka labarinsu yake, sai dai su jakinsu ne ya mutu. Shi ya sa shekarar da Allah ya kira Inna zuwa Makka, gidanmu na unguwar Amrigebe ya cika ya batse da 'yan murna.

Aka yi ta yi mata nasiha a kan jirgi, da zafin ƙasar, da turereniyar ɗawafi. Inna ko a jikinta. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat, akuyarta.

Akuya ce ja, mai tsagaggen kunne ɗaya da baƙin hali. Asalinta daga wata akuya ce da Baba ya saya wa Inna tun muna yara, zuri'ar ta yi ta haihuwa ana yankawa ana kyautarwa har aka zo kan wannan. Tun da Baba ya rasu, da ita Inna take hira. Kullum da safe sai ta jawo kujerarta kusa da turke, tana dama dusa tana ba akuyar labarin unguwa, ita kuwa tana tuƙa tana sauraro. Ni ne autan Inna, amma mutanen unguwa cewa suke autanta biyu, kuma mai ƙafa huɗun ya fi jin magana.

Ni malamin ilimin halittu ne a lise, wato babbar sakandare, shekara ashirin da wani abu. Metir ake ce mini, wato malam da Faransanci, har a gida. Ba yabon kai ba, idan na zana cikin dabba mai tuƙa a allo da alli kala huɗu, ɗalibai har tsayawa suke su kalla kafin su kwafa. Amma duk wannan ilimi a bakin ƙofar gidanmu yake tsayawa. Inna ba ta taɓa ba ni ajiyar wani abu mai rai ba, ko kaza, tun ranar da ina yaro na yi wa 'yan tsakinta wanka da sabulu. Shekara hamsin ina ɗauke da laifin 'yan tsakin nan.

Ina da yaya mace guda ɗaya, tana aure a unguwar Guji, ita ce 'yar hannun daman Inna a komai. A lokacin wata takwas ke nan ba ma magana, kuma in na faɗi gaskiya ni na jawo. A wani taron suna a gidanta na gan ta ta tauna nama ta sa wa jikanta a baki, yaron yana fama da fitar haƙori. Sai jijiyar koyarwa ta motsa mini. A gaban surukanta na tsaya na yi bayanin ƙwayoyin cuta tiryan-tiryan, na ce wannan ƙazanta ce da jahilci. Da na tashi tafiya Yaya ta rako ni har zaure, ta ce tunda gidanta na ƙazamai ne in hutar da takalmina. Ni ma da zuciya, na ce kalas, an gama.

Saboda haka ranar da na ji Inna tana cewa za a kai akuyar Guji kafin ta tafi, sai raina ya ɓaci. Na ce a gidan nan nake da ni da matata, kuma duk faɗin unguwar nan babu wanda ya fi ni sanin cikin akuya, me zai sa a tsallake ni a kai wa wadda ko sunan tumbi a Faransanci ba ta sani ba? Inna ta dube ni. Na ga tana auna 'yan tsakin nan a ranta. Can ta nisa ta ce:

"Amana ce, auta. Tana da ciki. Yadda na bar ta tana tuƙa, haka nake so in dawo in same ta."

Na ce ta je ta yi ibadarta da kwanciyar hankali.

Ta nuna mini tsarin. Da safe dusa da ruwa da ɗan kanwa, da yamma harawa. Sannan ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara cike da gari mai ruwan toka, ta ce kullum a barbaɗa kaɗan a cikin dusar. Na tambaya mene ne, ta ce ƙashi ne aka ƙona aka daka da gishiri, haka uwarta take yi. Na gyaɗa kai irin gyaɗawar da nake yi wa iyayen ɗalibai.

Jirgin Inna bai gama fita daga sararin Cadi ba na juye gwangwanin nan a kwata. Akuya da ƙashi, ina haɗin? Camfin tsofaffi ne kawai. Dusar ma na dube ta na ga ba komai ba ce illa ɓawon hatsi, abincin wahala. Na ƙudurta a raina Inna za ta dawo ta sami akuyarta tana sheƙi, ta san boko ba ƙarya ba ne. Na shiga tara mata ragowar mappa, dogon burodin nan namu, da sauran shinkafa, har da taliya in an rage. Na kuma hana ta leƙa waje don kada ta ci leda. Matata ta ce Metir, tsohuwa fa ba haka ta ce ba. Na ce ta tsaya a kan tukunyarta, ni in tsaya a kan ilimina.

Akuyar kuwa ta karɓi sabon tsarin hannu bibbiyu. Da ta hango ni da burodi sai ta miƙe a kan ƙafafun baya. Na riƙa zama a kujerar Inna ina kallon ta ina jin daɗi, ina tsara yadda labarin zai isa Guji.

Bayan kamar mako biyu ta fara wasu halaye. Ta lashe bangon ɗakin girki har ya yi rami. Ta gwagwiye kan turkenta. Ta ci rabin takalmin alwalata, ta bi ta kan akwatin allina. Na ce shagwaɓar masu ciki ce.

Sai Babbar Sallah ta zo. Wanda ya san Amrigebe washegarin layya ya san ba ka taku uku ba ka taka ƙashi ba. Da hantsi muka nemi akuya muka rasa, ta tsinke igiya. Na fito a guje da silifas ɗaya, sai na hango mutane sun yi da'ira a ƙofar gidan maƙwabcinmu. Na kutsa. Ga akuyar Inna a tsakiya, ta kama ƙashin ƙafar rago tana ƙwas-ƙwas da shi, ta lumshe ido don daɗi. Wani dattijo Balarabe yana ta salati yana tambaya da shunu, wato mene ne wannan. Wata ta ce iska ce ta shige ta. Wani ya ce a'a, hannu aka sa mata saboda hassadar hajjin tsohuwa. Wata kuma ta janye 'ya'yanta, ta ce yau ƙashin rago ne, gobe Allah kaɗai ya san na wa.

Na ja akuya gida kunya kamar ta kashe ni. Amma Metir ba ya cewa bai sani ba. Na sanar wa matata cewa cuta ce ta shiga cikinta, maganinta kuma kafso. Akwai masu yawo da magani a faranti ko a bayan keke da muke kira dokto shuku. Duk shekara sai na ware darasi guda ina zagin su a aji. Wajen ɗaya daga cikinsu na je, na ja hula har gira, na sayi kafson kashe ƙwayoyin cuta, mai ja da ruwan ɗorawa. Safe da yamma nake ɗura mata, kwana biyar, na kuma ninka burodin don ta yi ƙarfi.

Garin neman ƙiba na samo rama. Ta fara zawo, ta daina cin komai, har burodin. A rana ta shida ta kwanta jikin bango ta miƙe wuya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bakinta. Tun ina yaro ban taɓa ganin bakin akuyar gidanmu a tsaye ba. Yanzu ga muƙamuƙi shiru, ko motsi. Tuƙar da Inna ta ce in riƙe mata ita ce ta tafi.

Ana wata ga wata. A ranar ne Inna ta kira daga Makka da wayar wata abokiyar tafiyarta. Ta ce an gama aiki lafiya, saura kwana tara su dawo. Ba ta tambayi lafiyata ba sai da ta tambayi akuya. Na ce lafiya lau, sai kewa. Ta ce to in kara mata wayar a bakinta ta ji tuƙarta, ta yi marmari. Na waiga, sai ga farantin gyaɗa a kan tabarma. Allah ya yafe mini, na dumbuza na cika baki, na kara waya a kumatuna na shiga tauna a hankali, gefe zuwa gefe, yadda nake kwatanta wa ɗalibai. Matata ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Inna ta saurara na ɗan lokaci, ta ce yau tuƙar da ɗan sauri, ta yi sallama.

Na zauna da gyaɗa a baki na kasa haɗiyewa. Na yi wa uwata ƙarya tana ƙasa mai tsarki, ina ɗan shekara hamsin da wani abu, da furfura a gemu. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba.

Washegari na haɗiye girman kai na tafi unguwar Pari-Kongo wurin wani abokin karatuna, likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. A makaranta bayana yake zama yana kwafar amsata, ban kuwa taɓa bari ya manta ba. Ya ɗauko ni a babur ɗinsa muka dawo. Ya tsuguna ya danna hannu a kwiɓin akuyar na hagu, ya kara kunne ya daɗe. Ya ce ciki shiru kamar kasuwa ranar Idi. Ya tambayi me take ci. Ina lissafawa yana cire tabarau yana gogewa. Da na zo kan kafso sai ya zauna daɓas a ƙasa ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa ina tsaye ina huci.

Da ya gama ya zaunar da ni ya karanta mini darasin da nake koyarwa shekara ashirin. Ya ce akuya ba ita take narka abincinta ba. A tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, gari guda, su ke cin harawa da dusa su ba ta abin da za ta rayu. A cikin dusa akwai sinadarin fosfor, wanda ake gina ƙashi da shi, amma a ɗaure yake ta yadda cikin mutum ba ya iya kwance shi sosai. Waɗannan halittun su ke kwance mata. Ya shiga jininta, wani ya tafi ga ƙashin ɗan da ke cikinta, wani ya dawo ta yawunta zuwa tumbi, don su ma halittun sai da shi suke rayuwa. Da na janye dusa da garin ƙashi tana da ciki, sai abin ya yi mata ƙaranci, jikinta ya aike ta neman ƙashi a duk inda yake. Burodi ya tsamar da tumbin ya galabaitar da halittun, kafso kuma ya zo ya ƙarasa su.

Na ce ai duk na san wannan. Ya ce ya san na sani, a allo. Ya ce:

"Innarka ba ta san sunan fosfor ba, Metir, amma ta san gwangwaninsa. Ina gwangwanin?"

Na nuna masa kwata.

Ya ce a koma dusa da harawa, a ƙona ƙashi sosai a daka, kada a bar ta ta ci ɗanyen da ya ruɓe a titi don wannan kashe dabba yake. Amma duk wannan ba zai yi amfani ba in babu masu aikin a ciki. Sai an yi mata aron tuƙa. A samu lafiyayyar akuya, a jira ta dawo da abinci baki, a ƙwace curin daga bakinta, a dama da ruwan ɗumi a ɗura wa marar lafiyar. A yi da sauri, a rufe kuma, don iska kashe halittun take. Kullum, har sai ta tashi. Ya ce kowace tsohuwa mai awaki ta san wannan.

Na fara da maƙwabta. Ina! Labarin akuya mai cin ƙashi ya riga ni zuwa kowane gida. Ka yi sallama ka ce ka zo a ba ka abin da ke bakin akuyarsu, kai da taka aka ce iska ta shiga, wa zai yarda? Wata ta kora awakinta ɗaki ta ja ƙofa tun ban gama bayani ba. Wani ya ce in dai asiri nake haɗawa in nemi wani gidan. Na dawo gida na sami matata ta wanke filas ɗinta na shayi ta ajiye a gabana. Ta ce akwai akuya guda a garin nan da ake ciyar da ita daidai yadda Inna take yi, 'yar wannan ce ma ta cikinta, kuma na san inda take.

Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ni zuwa Guji. Na faɗa da ƙarfi har sau biyu. Sannan na dubi akuyar Inna, ƙudaje suna bin idonta ta kasa ko kaɗa kunne. Na ɗauki filas na tare kilando, ɗan acaɓa ke nan a bakinmu.

Mu a gida Hausa muke yi, Larabci na waje ne, na kasuwa da baƙi. Da na yi sallama Yaya ta fito, sai ta amsa mini da Larabci. Ta yi mini lale, ta tambayi gida da aiki, ta sa aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi. Da zagi ta yi mini da ya fi sauƙi. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon ƙasa. Ta ce ba ta ji ba. Na maimaita. Ta ce kunnenta ya tsufa, in ɗaga murya. Na faɗa na uku har maƙwabta suna iya ji. Ta gyara zama ta ce:

"Wato abin da aka tauna a bakin wata, shi za ka ɗauka ka sa a bakin wata?"

Na ce e.

"Ba ƙazanta?"

Ta nuna mini akuyar da haɓa, ta ce ga ta nan, bismillah, ta jawo kujera ta zauna kallo.

Ashe akuya ba ta tuƙa in an zura mata ido. Na tsuguna a gabanta cikin rigar zuwa aiki, ita tana kallona ina kallon ta, rana tana dukan ƙeyata. Na juya baya na yi kamar ina duba waya. Can na ji ta fara. Na waigo na yi tsalle na rungume ta, ta haɗiye abinta ta tunkuye ni a ƙirji na faɗa cikin kwanon dusa. Muka sake sabon zama. A karo na biyu na samu na cusa hannu har cikin bakin. Ni da nake koyar da cewa akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, na manta turamen da ke ciki. Ta datse mini yatsa. Na yi ƙara da harshe uku.

Nan ne Yaya ta miƙe ta ɗaure zani, da Hausa tsantsa ta ce in matsa can, sakarai, mai ilimin allo, kada in kashe mata akuya kamar yadda nake neman kashe ta Inna. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ta tsaya a gefen akuyar tana sosa mata gindin kunne tana kallon wuyanta. Da curin ya taso ya wuce maƙogwaro, sai ta riƙe wuyan da hannu ɗaya a hankali, ta zura yatsu biyu ta gefen baki inda babu haƙori, ta zaro shi kore shar yana tururi. Kafin in ƙifta ido ya shiga filas da ruwan ɗumi an rufe. Ta yi haka sau uku. Ta ɗaure mini yatsa da tsumma da ƙarfin da bai zama dole ba, ta ce in ruga.

Mai kilandon da ya maido ni ya ga filas a hammatata ya ce ko zan ɗan tsiyaya masa, bai karya ba. Na ce wannan ba irin shayinsa ba ne. Ya yi ta mita har Amrigebe a kan rowar 'yan boko.

Matata ta riƙe kan akuyar, na ɗura mata kaɗan-kaɗan. Warin kuwa ba a magana, filas ɗin nan bai sake ganin shayi ba har ya mutu. Da yamma na bi unguwa ina tsintar ƙasusuwan layya a buhu, na hura wuta a tsakar gida na ƙona su har suka yi fari, na zauna ina daka a turmi. Masu leƙe ta katanga suka samu tabbacin abin da suke zargi, har wata ta daina amsa gaisuwata.

Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Kullum da safe ina Guji da filas, Yaya tana zaro tuƙa tana yi mini tsiya, ni ina cewa to. A rana ta uku akuyar ta ɗan tsinci ganyen harawa biyu ta bari. A ta huɗu Yaya ta ce ba ta yarda da ɗurina ba, ta yafa mayafi ta biyo ni har gida, karon farko a kusan wata tara ina gida ta shigo. Ta ɗura da kanta, ta murza mata ciki, ta ɗanɗana garin ƙashina ta ce ko dakan ma ban iya ba.

A rana ta biyar bayan la'asar muna zaune mu uku mun zura wa akuya ido, sai Yaya ta ce mu kau da kai mana, haka ake yi? Muka juya muna kallon bango. Ni dai ina satar kallo ta wutsiyar ido. Na ga wani abu ya taso daga ƙirjinta ya bi wuya ya hau. Kumatunta ya cika. Muƙamuƙin nan da ya yi kwanaki a tsaye ya karkata hagu, ya dawo dama. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na yi kuka sosai, da sheshsheƙa, a kan akuya tana tauna amanta. Yaya ta ce in yi a hankali kada in firgita ta.

Ranar da Inna ta dawo gida ya cika har zaure. Ta sauko daga mota da fararen kaya, ta ratsa 'yan taryar nan tana amsa barka da hannu, ba ta zame ko'ina ba sai turke. Akuyar ta miƙe tana kuka. Ta rame, haƙarƙarinta a waje, amma tana tsaye da ƙafarta, cikinta yana nan, bakinta kuma yana aiki. Inna ta shafa ta tun daga wuya har gindi. Ta buɗe gwangwani ta murza garin a yatsa. Ta dubi tsumman da ke hannuna. Sannan ta koma wajen baƙinta.

Da baƙi suka ragu muna zaune a ɗakinta, Yaya tana rarraba dabino da zamzam a ƙananan kofuna, na durƙusa na faɗi komai, tun daga kwata har kafso. Na soma zancen gyaɗa. Inna ta ce in bar shi, ta sani tun a waya, wace uwa ce ba ta san taunar ɗanta ba? Ta ce daga ajiye wayar ta koma Harami ta yi wa akuya addu'a, ni ma ta ɗan sa ni a ciki. Ta tambayi wa ya ba da tuƙar. Na nuna Yaya. Inna ta yi murmushi, ta ce ai ta saba.

Na ce ta saba da me?

Inna ta ce ina da wata tara ta kwanta ciwo, nono ya ƙafe, aka fitar da rai da ita da ni duka. Na ƙi koko, na ƙi madara, duk abin da aka ba ni sai ya dawo. Yaya tana da shekara tara a lokacin. Ita ce ta gano in ta tauna abu ta sa mini a baki ina haɗiyewa ya zauna. Wata huɗu cur, tuwo, dabino, nama in an samu, sai ya bi ta bakinta kafin ya zo nawa. Yarinya ce, ga yunwa, abinci yana bakinta amma ba ta haɗiyewa.

"Da yawunta aka tashi cikinka, auta."

Na tuna taron sunan nan, da surukanta a zaune, da kalmar da na zaɓa. Shekara hamsin ba ta taɓa gaya mini ba, ko ranar da ta raka ni zaure. Na buɗe baki na ce Yaya.

Ba ta ɗago ba. Ta zaɓi dabino mai laushi a cikin na Inna, ta dangwara mini a tafin hannu mai tsumman.

"Ci abinka, Metir," ta ce. "Ai yanzu kana da haƙora."